Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Gidan Sarango

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai bar ni na ci abinci da daɗi ba, ni Herminia Poma, matar Eulogio Sarango tsohon direban bas, ta unguwar bayan coci a garin Yambala, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da matan ƙungiyarmu ta ɗinki rasuwar kyamarar gidanmu, wadda kowa ya sani da suna Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, a kan teburin Don Anselmo mai gyaran rediyo, bayan jinyar kwana uku.

Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Na faɗi haka tun da wuri domin akwai mai yawo a kasuwa yana cewa dama kwananta ya ƙare. Ta tsufa, ban musa ba, amma ranar Talata da safe lafiyarta ƙalau. Kashe ta aka yi, da rana tsaka, a gaban shaidu, kuma zan zo kan wanda ya yi, da sunansa.

Marigayiya ta shigo gidanmu shekara huɗu da suka wuce. Na same ta a kasuwar Lahadi ta birnin Loja, a kan teburin kayan gwanjo, tsakanin wani dutsen guga da takalmi ƙafa ɗaya. Girmanta bai wuce na sabulun wanki ba. Fentinta ya goge a kusurwoyi, murfin batirinta kuma da zoben roba aka ɗaure shi. Dala talatin na biya. Da na gaya wa mai teburin irin tsuntsun da zan ɗauka da ita, sai da ya ajiye kofin da ke hannunsa don ya samu damar yin dariya sosai.

"Kinde? Da wannan? Donya, wannan ai ta ɗaukar surukai ce a wurin biki, masu zama ba motsi."

Na ce ya naɗe min ita a takarda.

Waɗanda ba su san gidanmu ba za su tambaya me ya kai mace mai shekara sittin, wadda ko tashar rediyo ba ta iya canzawa ba, ga sayen kyamara. Shekara talatin Eulogio ya yi yana tuƙa bas a tsakanin tsaunukan nan, kuma duk hanyar da ya bi sai ya dawo da reshe ko saiwa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Sauran direbobi su kawo wa matansu turare, nawa ya kawo min ciyawa. Ya shuke bayan gida kaf, ba don ni ba, don kinde, 'yan tsuntsayen nan da ba su fi babban yatsa ba, masu tsayawa cak a iska suna tsotson fure. Ya ja kurangar takso ta hau shinge, dogayen furanninta suna reto, ya rataya kwalabe uku na ruwan sukari a bishiyar gwaiba. Yakan zauna awa biyu yana kallonsu, gahawa tana hucewa a hannunsa.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta tafi da magana, ta bar masa kalmomi uku kacal: "to", "a'a", da "kai". Muka ajiye masa kujera a bakin taga. Amma idonsa ya daina iya bin abu mai sauri. Zai ji ɓurrr ɗin fikafikai dab da kunnensa, kafin ya juyo da wuya tsuntsun ya kai gonar wani. Wata rana na shigo na tarar ya yi jifa da kofi, yana kuka ba sauti. Lahadin da ta biyo baya na hau motar Loja.

Game da halayen marigayiya, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Tana da nawa. Idan ka danna mata maɓalli sai ta tsaya nazari kamar alƙali, kafin ta yanke hukunci tsuntsu ya sha ya ƙoshi ya kama gabansa. Wata biyun farko ban ɗauki komai ba sai fure yana lilo, da shinge, da gurbin da tsuntsu ya bari. Tana cin batir kamar da gayya. Kuma a ƙasan kowane hoto sai ta buga kwanan wata da manyan lambobi ruwan ɗorawa, ban taɓa gano inda ake hana ta ba.

Amma tana da haƙuri, kuma ita ta koya min shi. A hankali muka gane juna. Ba a bin kinde, fure ake zaɓa. In ja kujera taku uku daga furen, rana a bayana, in dafa hannu a kan gwiwa, in danna maɓallin rabi har ta ce ƙit-ƙit, alamar ta ga furen sarai. Sai mu jira. Wani lokaci rabin awa, yatsana yana sanƙarewa. Da na ji ɓurrr ba na jiran in gani, sai in ƙarasa dannawa. Ƙyas. A cikin hamsin ɗaya ke fitowa. Amma idan ya fito, kana iya ƙirga gashin maƙogwaronsa.

Har yanzu kunnena yana jin muryarta. Da safe idan na kunna ta, idonta ya fito a hankali yana cewa ziiii, kamar tsohuwa tana miƙa. Idan batir ya yi ƙasa ta yi ƙara uku, ta ja idonta ciki, ba mai sake jin ta bakinta sai an ba ta abinci.

Ƙarfe huɗu na yamma nake kawo gahawa da burodi da cuku, in zauna a hannun kujerar Eulogio, in riƙe masa ɗan gilashin da ke bayan marigayiya.

"Wannan fa?"

"A'a."

"Wannan?"

"To."

Idan muka kai ga wanda ya fito, tsuntsu a tsaye cak, bakinsa cikin fure, wuyansa yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, sai ya ɗora babban yatsan hannun hagu a kan gilashin ya ce, "Kai!" Kuma kada ku ce duk "kai" ɗaya ne. Akwai na mai doguwar wutsiya. Akwai na wani azzalumi mai kunne shuɗi, wanda ke korar kowa daga kwalabe uku alhali ɗaya ta ishe shi, muka sa masa suna Kansila. Shekara huɗu da wannan ɗan gilashin muke hira ni da mijina. Masu ce min "ai kyamara ce kawai" su je su zauna da nasu mijin shekara huɗu a kan kalmomi uku, sannan su dawo su gaya min mene ne kawai.

Yanzu na zo kan sunan. Wilfrido Sarango, ƙanin mijina, ciki ɗaya.

Ya dawo bara daga Sifen bayan shekara goma sha takwas, da tumbi, da turare mai hawa kai, da waya mai ido uku a baya. Mahaifinsu ya raba musu fili tun yana da rai: Wilfrido ya ɗauki na bakin titi, mu muka riƙe gida da bayan gida, tsohon ya kafa dutse da hannunsa a kusurwar shinge ya shafa wa kansa farar ƙasa. Wilfrido ya ce zai buɗe wurin wanke motoci. Muka yi masa fatan alheri. Ranar da ya fara ganin marigayiya a wuyana ya kama ciki don dariya.

"Matar yaya, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta. Matsa ki ga yadda ake yi."

Ya tsaya gaban takso da wayarsa, yana gyara tsayuwa, yana amsa kira, yana kora ƙuda. Minti goma ko Kansila bai zo ba. Ya ce tsuntsayen namu ba su waye ba.

A watan jiya wata 'yar koriyar kinde ta yi sheƙa a kurangar takso, dab da kusurwar shinge. Da gansakuka da yanar gizo-gizo ta saƙa ta, girmanta kamar rabin ɓawon ƙwai. Ta saka ƙwai biyu masu kamar ƙwayar wake. Marigayiya ta ɗauki ƙwan, ta ɗauki ranar da suka ƙyanƙyashe baƙaƙe tsirara kamar ƙudan zuma, ta ɗauki uwar tana zura musu baki har maƙoshi. Eulogio ya daina jiran ƙarfe huɗu. Tun sha biyu yake buga kofi a jikin taga.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma ina kicin ina dafa ruwan sukari na ji saran adda. Na fito, marigayiya a wuyana kamar kullum. Na tarar da leburori biyu a cikin bayan gidana, an ja igiya a kan fegi taku uku cikin wurinmu, Wilfrido yana tsaye da hannu a ƙugu.

"Wilfrido, me nake gani haka?"

"Matar yaya, ki ja baya kada adda ta same ki. Wurina nake sharewa. Ga dutsen Baba can, je ki duba da idonki."

Na duba. Dutsen da na sani shekara talatin da biyar a kusurwar shinge, ga shi a gindin gwaiba, ƙasar da ke kewaye da shi ɗanya shataf.

"Ashe dutsen Baba ya yi ƙafafu."

"A nan yake tun fil azal. Ciyawarku ce ta rufe shi."

"To, na ji. Akwai sheƙa a kurangar nan da 'ya'ya biyu. Ka ba su kwana goma su tashi, sai mu je gaban hukuma ni da kai."

"Kwana goma? Mai siminti jibi zai zo. In tsayar da aiki saboda tsuntsun da ko romo ba zai yi ba?"

A lokacin muka ji kofi yana dukan ƙarfen taga. Eulogio ya jawo jikinsa gaba har yana neman zamowa daga kujera. "A'a! A'a!"

Wilfrido ko juyowa bai yi sosai ba. Ya ce, "Yaya, huta abinka. Ba ka gane abin da ake ciki ba."

Wannan maganar ce ta sa na ɗaga marigayiya. Mutumin da ya sayar da agogonsa ya cika wa Wilfrido kuɗin jirgi, shi ne yau bai gane abin da ake ciki ba. Ziiii. Ƙit-ƙit. Ƙyas. Babban leburan ya rufe fuska da malafa ya ajiye adda.

"Don Wilfrido, ba ka ce mana akwai rigima ba."

Wilfrido ya ɗauki addar da kansa ya sara. Sau uku. Kurangar da Eulogio ya yi shekara ashirin yana ja ta sulale daga shinge kamar an zare wa mutum riga. Na tsaya a inda nake na danna rabi, na jira ya ɗago fuska, na ƙarasa. A duk rayuwarta marigayiya ba ta taɓa samun abin ɗauka mai sauƙi irin wannan ba.

Ya taho kaina.

"Goge shi."

"Ban iya ba."

"Ba ni nan in goge."

"Taɓa ni ka gani."

Ya cafki igiyar wuyanta ya fizga. Igiyar ta tsinke. Marigayiya ta bugi bakin tankin siminti na wanki, ta faɗa cikin ruwan sabulun da na jiƙa zanen gadon Eulogio. Ko ƙara ba ta yi ba, sai 'yan kumfa. Leburorin suka kwashi kayansu suka tsallake shinge. Wilfrido ya share hannu a wando ya ce, "Ai dama gawa kike rataye da ita. Zan saya miki waya."

Na tsamo ta tana ɗiga. Ina riƙe da ita a ƙirji na durƙusa cikin ganyen da aka sare ina lalube. Ɗan tsuntsu ɗaya na same shi a ƙasa, ya riga ya mutu. Ɗayan yana cikin sheƙar, ta karkace, yana buɗe baki. Maƙwabciyata Donya Clotilde, Allah ya saka mata, ta leƙo ta kan shinge ta ga abin da ake ciki, ta dawo da rariyar shayinta. Muka sa sheƙar a ciki muka ɗaure a reshen gwaiba, muka koma ɗaki muka yi shiru. Sai da aka yi awa guda uwar ta dawo.

Jinyar marigayiya ta yi tsanani. Na cire mata batir na binne ta cikin kwanon shinkafa kamar yadda Donya Clotilde ta ce. Ranar Laraba na gwada ta, idonta ya fito rabi yana gurnani, garr-garr, ya maƙale a nan, bai ƙarasa ba bai koma ba. Ranar Alhamis hazo ya taru a cikin idon. Ranar Juma'a na naɗe ta a tawul na kai wa Don Anselmo. Ya kwance ta a hankali, ya jera sukurorinta a cikin murfin kwalba, ya daɗe yana dubawa.

"Donya Herminia, da ruwa ne tsagwaronsa da na gwada. Sabulu ya cinye cikinta."

Duk da haka ya sa mata sabon batir don in gani da idona. Ta ce ƙit. Muka jira na biyun. Bai zo ba. Don Anselmo ya cire tabarau ya ajiye, kuma na gode masa da bai yi dariya ba. Sannan ya sa hantsaki ya zaro ɗan katin da take ajiye hotuna, ya hura shi, ya zura a kwamfutarsa.

"Wannan kam da ransa," in ji shi.

Masu tambaya me ya sa aka jinkirta wannan sanarwa, dalilin ke nan: marigayiya tana da sauran shaidar da za ta bayar. Ranar Litinin muka je ofishin shugaban gari, Don Anselmo yana rungume da kwamfuta. Wilfrido ya zo da riga a goge, ya rantse da kabarin mahaifinsa dutsen bai taɓa motsi ba. Ni na zaci hoton adda ne zai yi aiki. Ashe ba shi ba ne. Dubban hotunan nan da nake jin kunyarsu, waɗanda tsuntsu ya tashi ya bar ni da fure da shinge, ban taɓa goge ko ɗaya ba tunda ban iya ba. A bayan furen, can a kusurwa, ga dutsen da farin kansa. A shekarar farko yana nan, a ta biyu yana nan, da damina da rani, har zuwa yammacin Litinin kafin a zo da adda, kowanne da kwanan watansa ruwan ɗorawa a ƙasa. Shugaban gari ya yi ta wucewa, ya yi ta wucewa, can ya ɗago.

"Donya, to ina tsuntsayen?"

"Sun tashi, maigirma. Dutsen nake so ka duba."

Ya duba. Ya ba Wilfrido zuwa tsakar ranar Asabar ya mayar da dutsen inda mahaifinsa ya kafa shi, da hannunsa, a gaban mutane. Washegari Wilfrido ya aiko da waya sabuwa fil cikin kwali. Na kai gaban Eulogio na ce, "Daga ƙaninka." Ya kalli kwalin ya ce, "A'a." Na mayar ba a buɗe ba.

Kada wanda ya zo ya taya ni murnar cin shari'a. Jiya Laraba da safe ɗan tsuntsun ya hau bakin rariyar shayi. Ya kaɗa fikafikai, ya kaɗa, sai ga shi a iska, tsawon tafin hannu sama da reshe, yana rawa kamar bai yarda da kansa ba. Ya karkata ya nufi ɗan furen da ya rage a takso. Na tsinci yatsana yana danna iska. Eulogio yana bakin taga, ya ji ƙarar, ya fara juyowa, ya makara. Da ƙarfe huɗu na zauna a hannun kujerarsa na kwatanta masa da baki, na kwatanta da hannu, har tsalle na yi da tsufana. Ya saurare ni har na gama. Bai ce "to" ba, bai ce "a'a" ba, bai ce "kai" ba. Ya juya fuska bango, gahawarsa ta huce a nan. Shugaban gari ya dawo min da taku uku na ƙasa. Safiyar jiya kuwa ba ofishin da zan je in karɓo ta, kuma wannan ne ba zan yafe ba, ko Fada ya yi wa'azin yafiya har muryarsa ta dushe.

Marigayiya ta rasu ta bar katinta, wanda yanzu yake cikin akwatin takardun gida tare da takardar aurenmu. Ta bar batir huɗu da abin cajinsu, da tsinkakkiyar igiya, da zoben robar da ya riƙe mata murfi da aminci har ranar ƙarshe. Ta bar ɗan tsuntsu ɗaya da bai san abin da aka yi dominsa ba. Ta bar Kansila, wanda ko minti ɗaya bai yi na makoki ba. Ta bar tsofaffi biyu da ba su san abin da za su yi da ƙarfe huɗu ba.

Za a yi jana'iza jibi Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan gidanmu, a gindin abin da ya rage na takso. Don Anselmo zai kawo ta cikin gwangwanin biskit, ya mayar mata da sukurorinta duka. Fada ya ce ba ya yi wa kyamara addu'a, amma zai zo shan gahawa, kuma yana iya tsayawa kusa da ramin idan ya ga dama. Kada a sa baƙaƙen kaya, a sa ja, tsuntsayen sun fi son haka. Kada a kawo yankakken fure, an yanka mana wanda ya ishe mu. Mai son kawowa ya kawo da saiwarsa, akwai wurin shuka yanzu. Wanda ke da tsohuwar kyamara a ƙasan akwati, mun gode, amma ya bari sai an yi sati, ba a kawo irin wannan magana a bakin kabari.

Na tambayi Eulogio ko in ja masa labule ranar, ya ce a'a. Na ce ko a fito da shi waje, ya ce to. Don haka ina neman maza biyu masu ƙarfi su zo tun tara da rabi su ɗauko shi da kujerarsa, a ajiye shi yana fuskantar kusurwar shinge, kuma kada kowa ya tsaya a gabansa, domin a daidai lokacin ne ƙaninsa zai zo mayar da dutse. Bayan an rufe rami akwai gahawa da humita, wato alalen masara, mai zafi cikin ganyenta, na kowa da kowa. Dutsen yana da nauyi, na sani. Duk wanda tausayi ya kama shi ya sa hannu ya taya ɗauka, ya wuce gida daga nan, kada ya zauna cin humitata.

Sanarwa daga Herminia Poma, a madadin kanta da mijinta.